Ga Masu Son Komawa Walda Bayan Sun Daɗe Da Ajiye Ta

(Jawabin da aka gabatar a taron wata-wata na ƙungiya)



  

An ce in yi magana a kan walda, saboda akwai 'yan uwanmu da dama a wannan zango da suka koye ta da ƙuruciya, sannan fatauci ya ɗauke su. Wani goro ya ja shi, wani shanu, wani canji. Yanzu girma ya fara zuwa, ɗan lokaci ya samu, injin walda kuma ya yi sauƙin samu, sai mutum ya sayo ɗaya don ya riƙa gyara ƙofar gidansa, ko rumfar shago, ko amalanke. Wannan abu ne mai kyau. Aikin ƙarfe sana'a ce mai asali. Alƙur'ani mai girma ya ba mu labarin yadda Allah ya tausasa wa Annabi Dawuda (AS) ƙarfe yana yin sulke, kuma akwai sura sukutum mai sunan ƙarfe, wato Suratul Hadid. Sai dai fa ƙofar da ka haɗa, jikokinka ne za su yi lilo a jikinta. Idan haɗin na ganin ido ne kawai, wata rana kan yaro za ta faɗo. Saboda haka maganar tamu ta yau maganar amana ce.

Da farko mai komawa ya sani cewa abubuwa biyu sun canza tun bayan da ya ajiye aikin: injin, da kuma shi kansa.

Injin da yawancinmu suka koya da shi shi ne taransifoma mai nauyin tsiya, wadda sai mutum biyu sun kama. Yanzu akwai inbata, wadda za ka rataya a kafaɗa. Tana fitar da wuta mai tafiya hanya ɗaya, wadda ake ce wa DC, don haka kamun wutarta ya fi laushi, kuma akwai lamba a fuskarta da ke nuna ƙarfin wutar. A jikin kowane inji akwai rubutu na iyakar aikinsa. Idan an rubuta kashi 60 cikin ɗari a ƙarfin wuta kaza, ma'anarsa a cikin minti 10 za ka yi walda ta minti 6, injin ya huta minti 4. Wanda ya ƙi kula da wannan, shi zai riƙa zarya wurin mai gyara.

Shi kuma mutum, idonsa ne ya canza. Daga shekara 40 zuwa sama ganin kusa yakan ragu. Da yawa masu cewa hannunsu ya mutu, hannun lafiyarsa lau, narkakken ƙarfen ne ba sa gani sosai. In kana sa tabarau wajen karatun Alƙur'ani, to sa shi a ƙarƙashin hular walda. Ka goge gilashin hular, in ya dusashe ka canza shi. Walda gani ce kafin ta zama aikin hannu.

Na biyu, sanda. Wannan sandar mai rufi a jiki, wani ɗan ƙasar Suwidin ne mai suna Oscar Kjellberg ya ƙirƙiro ta a farkon ƙarni na 20, shi ne kuma ya kafa kamfanin ESAB a 1904. Rufin nan ba ado ba ne. Idan ya ƙone yakan ba da hayaƙin da ke kare narkakken ƙarfe daga iska, sannan ya bar ɓawo a sama wanda ke rufe haɗin har ya huce. Wadda ta fi yawa a kasuwanninmu ita ce mai lamba E6013. Lambar 60 ta farko tana nuna ƙarfin haɗin, wato fam dubu 60 a kowane inci murabba'i. Lamba 1 tana nuna za a iya aiki da ita a kwance, a tsaye, har da sama da kai. Ita ce ta dace da ƙofa, taga da bututu mara kauri. Akwai E7018, ta aiki mai ɗaukar nauyi, amma ba ta shiri da danshi ko kaɗan, masu manyan ayyuka a cikin akwati mai zafi suke ajiye ta.

Nan ne zamanmu a Kudu ya shigo. Wanda ya koyi aiki a Kano ko Katsina ya saba ya jefa kwalin sanda a lungu ya yi wata shida ba abin da ya same shi. Nan kuwa damina doguwa ce, iska a jiƙe take. Sandar da ta sha danshi za ka ji tana fashe-fashe, tana watsa tartsatsi, haɗin ya fito da 'yan ramuka kamar saƙar zuma. Ku sayi daidai abin da za ku yi aiki da shi, sauran kuma a sa a mazubi mai murfi, a ɗaga shi daga ƙasa. Haka nan tsatsa ta fi saurin cin ƙarfe a nan. Kafin ka ɗiga wuta, goge wurin haɗin har ƙarfen ya yi fari, ka cire fenti da mai. Wurin da za ka maƙala wayar ƙasa shi ma a goge shi, kuma ya zama kusa da inda kake aiki.

Na uku, ƙarfin wuta. A kasuwa da geji ake sayar da sanda. Geji 12 kusan milimita 2.5 ke nan, tana son wuta wajen amfiya 60 zuwa 90. Geji 10 kusan milimita 3.2, tana son wajen 90 zuwa 130. Geji 8 milimita 4 ce, ta ƙarfe mai kauri. Kowane kwali akwai nasa lissafin a jiki, a duba shi. Amma alƙalin gaskiya shi ne guntun ƙarfen gwaji. Idan sanda tana yawan mannewa, layin ya taru a sama kamar tsutsa bai shiga jikin ƙarfe ba, wuta ta yi kaɗan. Idan tartsatsi ya yi yawa, sandar ta yi ja tun ba ta ƙare ba, gefen layin ya zaizaye ya bar kwari, wuta ta yi yawa. A riƙa ƙarawa ko ragewa da biyar-biyar har a dace. In da janareta kake aiki, ka tabbata yana da ƙarfin ɗaukar injin, kuma kada ka ja siririyar waya mai tsawo, domin a hanya wutar za ta raunana.

Na huɗu, hannu. Abu uku ne a nan: tazara, karkata, da sauri.

Tazarar bakin sanda da ƙarfe kada ta wuce kaurin ƙarfen cikin sandar. Wannan shi ne abin da ya fi kuɓuce wa wanda ya daɗe bai yi ba, domin sanda tana cinyewa, in ba ka riƙa tura hannu ƙasa a hankali ba, tazarar sai ta yi ta ƙaruwa ba ka sani ba. Kunne zai taimake ka. Wutar da ta zauna daidai ƙararta ɗaya ce ba yankewa, kamar ana suyar ƙosai. Wadda ta yi nisa kuwa huci take yi.

Karkata: a aikin kwance ka miƙe sandar, sannan ka kwantar da ita kaɗan, kamar digiri 10 zuwa 15, zuwa ɓangaren da kake tafiya. Ja za ka yi, kada ka tura. In ka tura, ɓawon zai shiga gaba, ƙarfe ya binne shi a ciki, haɗin ya yi kyau a ido alhali cikinsa rami ne. A haɗin kusurwa kuma sandar ta raba tsakiya, kowane ɓangare ya samu rabonsa na zafi.

Sauri: kada ka kalli hasken, kalli ɗan tafkin narkakken ƙarfen da ke bayan sanda. Ka bar shi ya yi faɗin kamar kaurin sanda biyu zuwa uku, ka riƙe shi a haka har ƙarshe. Mai gaggawa layinsa siriri ne mara kamu. Mai nawa kuma ya tara tudu, ko ya huda bututu. Sannu ba ta hana zuwa. Ka jingina gwiwar hannu a wani abu, ka riƙe da hannu biyu, ka gwada tafiyar daga farko zuwa ƙarshe ba tare da wuta ba, don ka tabbata hannunka zai kai.

To yaya za a dawo da hannu? Shawarata, mako biyu na farko kada a taɓa aikin da wani zai yi amfani da shi. Nemi faranti mai kaurin milimita 6, ja layi da alli, ka bi shi. Ka buge ɓawon, ka goge da buroshin ƙarfe, ka duba. Layi na gaba ya hau rabin na farko, har farantin ya cika. Rabin awa kullum ta fi wuni guda a wata. Kuma abu ɗaya za ka riƙa canzawa a kowane gwaji, domin in ka canza wuta da sauri da karkata a tare, ba za ka san wanne ya gyara ba. Daga nan sai haɗin kusurwa, sai na tsaye. A na tsaye, in ƙarfen mai kauri ne, a rage wuta kaɗan, a fara daga ƙasa a hau sama, ana ɗan tsayawa a kowane gefe. Idan ka haɗa, ɗaure shi ka sa guduma ka karya. In ya rabu a kan haɗin, ka ga ƙarfen ƙasa sumul bai narke ba, da sauran aiki.

Ku tuna kuma ƙarfe yana janyewa idan ya huce. Shi ya sa ƙofa kan fito a karkace. A fara ɗiga wuta a kusurwa huɗu, a auna daga kusurwa zuwa kusurwa a ga sun yi daidai, sannan a cika haɗin ana tsallake-tsallake, nan kaɗan can kaɗan.

Na ƙarshe, kuma shi ya fi komai, kiyaye rai da lafiya. Baƙin tabarau na rana ba ya tare hasken walda. Gilashi mai lamba 10 ko 11 ake so ga irin aikinmu. Hasken nan ƙona fatar ido yake yi, ciwon kuma sai bayan awoyi yake tashi, mutum ya farka cikin dare kamar an zuba masa yashi. In ya faru a je asibiti, a bar ɗiga abin da aka ga dama a ido. Gidajenmu a nan a matse suke, yara kuma son kallon wuta gare su, don haka a kafa kariya da kwano ko katako. Kada a yi walda a tsaye cikin ruwa ko da jiƙaƙƙen safar hannu. A cire babbar riga, a guji yadin leda mai narkewa a jiki, a sa takalmi rufaffe. Ƙarfe mai rufin tutiya, irin bututun ruwa, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi, a yi shi a sarari. Duro ko tankin da ya taɓa ɗaukar fetur kuwa, ko an ce babu komai a ciki, kada a kusance shi da wuta, tururin da ya rage ya isa ya tarwatsa shi. A cikin kasuwa a kawar da buhuna da kwalaye, a ajiye bokitin yashi, kuma bayan an gama a ɗan zauna a wurin a tabbata ba abin da ke ci a ɓoye. Gobara ɗaya a zango, kowa ya san ba mutum ɗaya take shafa ba.

Akwai kuma aikin da ya wajaba mai sha'awa ya bar wa gwanaye: ƙarfen jan tirela, bodin motar shanu, hasumiyar tankin ruwa, tukunyar gas. Sanin iyaka shi ma ilmi ne.

Ina roƙon shugabannin ƙungiya su duba yiwuwar ware rana ɗaya a mako, waɗanda suka iya su zauna da matasanmu marasa aikin yi su nuna musu. Wanda ya dawo da hannunsa ya kuma koya wa ɗan wani, ya ci riba biyu.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya kare mu daga haɗari, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu.