Hidimar Mai Rabon Magani A Ƙauyen Bakin Rafi

  

Ya ku shehunai da muƙaddamai da sauran 'yan'uwa, da izininku zan yi magana a kan wani bawan Allah da ba a cika ambatonsa a taro ba, wato ɗan sa-kai mai rabon maganin makanta a karkara.

Baƙin ƙudan da ke hayayyafa a ruwa mai gudu shi ke yaɗa tsutsar wannan cuta. Tana farawa da ƙaiƙayi mai tsanani, ta ƙare da tafiyar ido. Tun shekarar 1987 kamfanin Merck yake ba da maganinta, Mectizan, kyauta. Sai dai ƙwaya ba ta da ƙafa, dole wani ya kai ta.

Mutanen gari su ke zaɓensa. Yakan bi gida gida da littafin sunaye da sandar awo, ya auna tsayin mutum, ya ba shi ƙwaya 1 zuwa 4, ya tsaya har ya haɗiye. Ba ya ba mai ciki ko mai ciwo mai tsanani ko yaron da bai kai santimita 90 ba. Haka zai maimaita duk shekara, domin uwar tsutsar takan rayu har shekara 15 a jiki.

Ba shi da albashi. Wani lokaci rabon yakan faɗo da damina, ya bar gonarsa ciyawa na ci. Rafi ya cika ya tare hanya, ya isa ruga ya tarar an tashi, wani magidanci kuma ya hana shi shiga saboda zargi.

Amma haƙuri ba ya faɗuwa ƙasa banza. A shekarar 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da cutar, ita ce ta farko a Afirka.

Saboda haka, 'yan'uwa, mu rage masa nauyi. Muƙaddami ya sanar da zuwansa bayan salla, ya fara haɗiyar tasa a gaban jama'a. Samarin zawiyya su yi masa gayya a gona. Mai keke ko babur ya ara masa.

Allah Ya saka masa da alheri, Ya tsare mana ganinmu da basirarmu. Amin.