Asalin Abincin da Ke Cikin Ƙwaryar Dakoro

Gero, wanda mutanen Dakoro ta Nijar ke kira hatsi kawai, shi ne mafi tsufa a cikin abincin wannan ƙasa. Masu binciken tarihin ƙasa sun sami alamar geron noma a jikin tsofaffin tukwane a kwarin Tilemsi na Mali, masu kimanin shekara 4,500. Daga Sahel ya bazu har Indiya, ba daga can ya zo ba. Dalilin daɗewarsa a bayyane yake: yana yi a jigawa, yana jure ƙarancin ruwa, abin da masara ba ta iyawa. Dawa ta fito daga gabashin Sudan, wake kuma ɗan Afirka ta Yamma ne.

Fura ce ta fi nuna yanayin Dakoro. A shekarar 1961 doka ta shata iyakar noma ta arewa a Nijar, kuma kwarin Tarka na bakin wannan iyaka: kudu manoma, arewa makiyaya. Hatsin furar na Bahaushe ne, nonon na Bafillace, ko na Buzu. Mace ta surfa hatsi, ta wanke, ta daka, ta cura, ta dafa curin, ta mayar turmi ta kirɓa, sannan a dama da nono a ƙwarya. Kafin kuɗi su yawaita, mudun hatsi ake bayarwa a karɓi nono. Cuku kuwa dabarar makiyayi ce ta ajiye madarar damina: a daskarar da ita, a shimfiɗa falle-falle a kan tabarmar kara, rana ta busar.

Yajin furar ne baƙo. Kanumfari daga tsibiran Maluku na Indunusiya yake, sunansa ma Larabci ne, kuma ayarin Sahara ne ya kawo shi. Haka albasa da alkama: "al" ɗin da ke farkonsu ta isa shaida. Masoro da kimba ne na gida, daga dazuzzukan kudu.

Bayan 1492 wani sabon ayari ya shigo daga nahiyar Amurka: barkono, tumatir, rogo, dankali, masara da gyaɗa. Masara an fara nomanta a Meziko, amma Bahaushe ya laƙaba mata sunan Masar, wanda ke nuna hanyar da ake jin ta biyo. Gyaɗa ta fi kowa dabara. Ta tarar da gujiyar gargajiya, wato kwaruru, tana ɗiya a ƙarƙashin ƙasa kamar ta, sai ta aro sunan. Shi ya sa a yankin Maraɗi ake ce wa gyaɗa gujiya. Tun zamanin mulkin Faransa ita ce manomi ke sayarwa ya biya haraji, har fari da cuta suka karya nomanta a shekarun 1970. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa dai sun zauna daram. Miya babu barkono yau abin mamaki ce, alhali kakannin da suka rayu shekara 600 baya ba su taɓa ganinsa ba.

Shayi ne autan baƙi. Ganyen daga Sin yake, ya biyo ta Maroko a ƙarni na 19, Larabawa da Buzaye suka yaɗa shi, har ƙaramar buta a kan gawayi ta zama kayan kowace fada, wato majalisar hira, a Dakoro.