Jagora Shi Ne Na Gaba: Darasi Daga Rayuwar Laftanar-Kanar Muhammad Abu Ali

Mai girma shugaban taro, iyayenmu malamai, yayyena da ƙannena tsofaffin ɗalibai, ina godiya da wannan dama. An ce in yi magana a kan shugabanci. Ni dai ma'aikacin gwamnati ne, ban taɓa riƙe bindiga ba, amma da soja zan ba da misali.

A farkon 2015, ina sabon shiga aiki, aka tura mu Maiduguri rabon kayan agaji. A watan Janairu na shekarar Boko Haram suka kame Baga, sannan Monguno. Na ga masunta da manoma, masu rufin asiri a garinsu, suna bin layin kwanon shinkafa. Kafin Fabrairu ya ƙare sojoji suka ƙwato garuruwan biyu, kuma sunan da na riƙa ji a bakin 'yan gudun hijira shi ne Manjo Abu Ali, mai jagorantar tankokin yaƙi.

An haife shi a 1980. Mahaifinsa, Birgediya-Janar Abu Ali, ya yi gwamnan soja a Jihar Bauchi daga 1990 zuwa 1992. Ɗan irin wannan gida, da ya so, ba zai rasa mai nema masa kujera a ofis ba. Sai ga shi a bakin daga. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Abin da sojojinsa suka shaide shi da shi guda ne: ba ya tura yara gaba shi ya laɓe a baya. Yana cikin tanka tare da su, wutar da za ta same su za ta same shi. Sojan da ya ga kwamandansa a gaba ba ya tunanin gudu. Bayan ƙwato Gamboru Ngala a Satumba 2015, Hafsan Sojan Ƙasa na lokacin, Laftanar-Janar Tukur Buratai, ya je har can ya ɗaura masa muƙamin Laftanar-Kanar tun lokacin ƙarin girmansa bai yi ba.

Ranar 4 ga Nuwamba, 2016, aka kai wa Malam Fatori hari, can kusa da iyakar Nijar. Nan Allah Ya karɓi ransa tare da wasu sojojinsa, yana da shekara 36. An binne shi a maƙabartar sojoji ta Abuja.

To, 'yan'uwa, mu fa? Cikinmu akwai darakta, akwai likita, akwai hedimasta. Idan aiki ya yi kyau, sunanmu ake kira. Idan ya ɓaci, sai mu nemi akawu ko masinja mu ɗora masa. Ni kaina na taɓa barin fayil ɗin fanshon wani dattijo mako uku a teburina, don tsoron sa hannu. Ba harsashi ke jirana ba, takardar tuhuma ce kawai. Har yau ina jin kunyar abin. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ƙannena da ke makaranta, wanda aka ba firifet a cikinku ya riga kowa ɗaukar tsintsiya. Daga nan ake farawa.

Allah Ya jiƙan Abu Ali da abokan aikinsa, Ya ba iyalansu haƙuri, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.