Ƙidayar Rumbun Karatu: Ina Ɗanka Ya Kai a Jami'a?

Ina gaishe ku, 'yan yaƙi da jahilci, maza da mata. Gaisuwa ta musamman ga mutanen Dogon Kiriya, da Matankari, da Dan Kasari, da Dogon Dutsi, da Tibiri, da dukan ƙasar Arewa. Ku matso kusa da rediyo. Mai kaye ya ɗauko kayensa da alƙalami, gama yau akwai lissafi.

Bari in fara da tambaya. Kai manomi, in an gama girbi, yaya kake sanin ko hatsinka zai kai ka damana? Ba ka ƙidaya kwanakin da ka yi kana noma. Damma kake ƙidayawa, ɗaya bayan ɗaya, lokacin da ake sa su cikin rumbu. Mutum biyu suna iya yin wata huɗu a gona, ɗaya ya tashi da dami 100, ɗaya da dami 60.

To, karatun jami'a ma haka yake. Yawancinmu in aka tambaye mu, sai mu ce: "Ɗana ya yi shekara biyu a jami'a." Wannan ƙidayar kwanaki ce. Yau za mu koyi ƙidayar damma.

A da, jami'ar gwamnati ɗaya ce a ƙasarmu, ta Yamai, wadda aka fara a 1971. Tun 1992 ake kiranta Jami'ar Abdu Mumuni. A 2010 aka samu jami'o'i a Maraɗi, da Tawa, da Damagaram. A 2014 aka ƙara huɗu, har da ta jiharmu, Jami'ar Doso. Yanzu gidaje da yawa a ƙauyukanmu suna da yaro ko yarinya a jami'a. Uba ya sayar da wake, uwa ta sayar da akuya, a aika kuɗin haya da na abinci. Wanda ya yi wannan wahala yana da hakkin ya san inda karatun ya kai.

Ga yadda ake ƙidayar. Jami'o'inmu suna bin wani tsari mai hawa uku: lisans, masta, dakta. A 2007 ne ƙasashen ƙungiyar UEMOA, masu kuɗin sefa, suka amince su bi shi tare. Hawa na farko, wato lisans, shi ne abin da yawancin yaranmu ke nema. Ana yin sa cikin shekara 3. Kowace shekara an raba ta zango 2. Ke nan zango 6.

Kowane darasi yana da nauyinsa. Sunan nauyin nan kiredi. Ku rubuta: ki-re-di. Kiredi shi ne damin karatu. In yaro ya ci jarrabawar darasi, sai a sa masa kiredinsa cikin rumbu. In ya faɗi, ba a sa masa. Ana ba da maki bisa 20, kuma 10 ne matsakaicin da ake nema.

Yanzu ku rubuta lambobi uku a kayenku:

Zango ɗaya: kiredi 30.
Shekara ɗaya: kiredi 60.
Lisans gaba ɗaya: kiredi 180.

Sai rumbu ya cika 180 ake ba yaro takardar lisans. Ko ya yi shekara biyar, in 175 gare shi, bai gama ba.

Ina ake ganin lissafin? Akwai takardar maki da jami'a ke ba ɗalibi. Da Faransanci sunanta "relevé de notes". A kanta akwai sunan kowane darasi, da makin da aka samu, da kiredi. Na san abin da za ka ce: "Malam, ni Hausa na koya, ba na jin Faransanci." Kada ka ji tsoro. Lamba ba ta da yare. Lambar 30 da ka koya a aji, ita ce 30 da ke kan takardar jami'a. Kalma biyu kawai za ka riƙe. In ka ga "validé", an ci. In ka ga "non validé", ba a ci ba, bashi ne.

Bari in ba ku labari. Wani dattijo a ajina na dare, ɗansa ya yi shekara biyu a wata jami'a. Kullum aka tambayi yaron, sai ya ce lafiya lau. Da ya zo hutu, uban ya ce ya kawo takardun makinsa. Muka zauna mu uku a zaure. Dattijon ya sa yatsa, ya karanta da kansa. Zango na ɗaya, 30. Zango na biyu, 24. Zango na uku, 30. Zango na huɗu, 30. Ya tara a kayensa, ya samu 114. Sai ya ɗaga kai ya ce: "Malam, ai 120 ya kamata. Ina 6?"

Yaron ya sunkuyar da kai. Ashe akwai darasi ɗaya na shekarar farko da ya faɗi, ya bar shi, yana cewa sai daga baya. Ba mugun yaro ba ne, kunya ce ta hana shi faɗa. Amma kun san akwai jami'o'in da ba su barin ɗalibi ya shiga shekara ta uku da bashin shekarar farko. Kiredi 6 suna iya cinye shekara guda, da kuɗin haya, da kuɗin mota, har yaro ya rasa bursu in yana samu. Uban bai yi faɗa ba. Cewa ya yi: "Koma ka biya bashinka." Yaron ya koma, ya je ofishin ɗalibai, ya tambayi lokacin da ake sake jarrabawar, ya zauna, ya ci.

A wasu ƙasashe, kamar Amurka, jami'o'i da yawa sun sa wannan lissafi a intanet. Ɗalibi ya buɗe wayarsa ko kwamfuta, ya sa lambarsa da kalmar sirri. Nan take sai ya ga kashi uku: abin da ya gama, abin da yake kai, da abin da ya rage. Su can ƙidayarsu dabam ce, yawanci kiredi 120 cikin shekara 4. In jami'ar ɗanka ta sa maki a intanet, ka ce ya buɗe ya nuna maka, ko ya ɗauki hoton shafin ya aiko maka ta waya. In ba ta sa ba, takarda ta isa. Kashi ukun nan kana iya zana su da kanka a kaye.

Amma ku kula da abu uku. Na ɗaya, na'ura ba ta san kome ba sai abin da mutum ya sa mata. Mutum kuwa yana kuskure. In yaro ya ci darasi amma bai ga kiredinsa ba, ya je ofishi tun da wuri, kada ya jira shekarar ƙarshe. Na biyu, a adana takardun maki kamar takardar haihuwa, cikin leda, nesa da ruwa da gara. Na uku, kalmar sirri ta ɗalibi ce shi kaɗai. Kada ya ba aboki, kada ya ba mai shagon waya.

Ke uwa, wannan magana har da ke. Kuma yadda za a tambayi ɗa namiji, haka za a tambayi ɗiya mace. Ku yi tambayar cikin hankali, ba da tsawa ba. Yaron da ya san za a saurare shi ba ya ɓoye bashi. Hausawa sun ce mai tambaya ba ya ɓata. A ƙarshen kowane zango, tambaya uku sun isa: Nawa ka samu? Nawa ake binka? Yaushe za ka biya?

Ku kuma ɗalibai da ke saurare, kada ku ce tsohonku bai yi lakkal ba, ba zai gane ba. Wanda ya iya ƙidayar damma da tiya ya iya ƙidayar kiredi.

Ga aikin wannan mako. Ku yi shi tare da malaminku a aji.

1. Zango nawa ne cikin lisans?
2. Wata yarinya ta samu 30, da 30, da 27. Kiredi nawa ke cikin rumbunta? Nawa ake binta?
3. Wani yaro yana da kiredi 150. Nawa suka rage masa ya kai 180?
4. Wa ke da yaro a jami'a a garinku? Ku je ku koya masa lambobin nan uku.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ba da amsa. Allah ya sa albarka ga karatun yaranmu, ya ba mu damana mai kyau. Ku huta lafiya.