Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Kanikawan Motocin Ɗaga Kaya

 



Ni ba bakanike ba ne, akanta ne. Aikina bin diddigin abin da ya shigo da abin da ya fita a littattafan kamfani. Don haka, 'ya'yana, da lissafi na zo muku, domin in nuna muku inda sana'arku take zaune a cikinsa.

A birnin Frankfurt na Jamus akwai kamfani mai suna KION. Shi ke ƙera motocin ɗaga kaya, wato foklif, na Linde da STILL da Baoli, irin waɗanda kuke kwancewa kuna ɗaurawa a nan. An ɓalle shi daga kamfanin Linde a 2006, ya shiga kasuwar hannun jari a 2013, kuma yau kamfanin Weichai na ƙasar Sin ne ya fi kowa yawan hannun jari a cikinsa. A harkar foklif, Toyota ce kawai take gabansa a duniya. Tunda yana kasuwar hannun jari, dole kowace shekara ya baje littattafansa kowa ya gani.

A 2022 sashensa na ƙera motoci da kula da su ya yi cinikin kusan yuro biliyan 7.4, amma ribar aiki, kafin a cire haraji da kuɗin ruwa, ba ta wuce kimanin miliyan 420 ba. Wato a kowace yuro 100 ta ciniki, abin da ya saura bai kai yuro 6 ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Bayan annobar korona kayan haɗi sun yi wuyar samu, yaƙin Yukiren ya ɓarke, ƙarfe da makamashi suka yi tashin gwauron zabi. Motocin da aka yi cinikinsu a tsohon farashi sai aka ƙera su da kaya masu sabuwar tsada. Wasu ma suka tsaya cirko-cirko a masana'anta, an kusa gama su, ana jiran ƙaramin abu guda. Da shekara ta zagayo, kaya suka samu, ƙarin farashi ya fara aiki, ciniki ya haura zuwa kusan biliyan 8.5 a 2023, riba ta ninka zuwa kimanin miliyan 850.

To, ga inda nake so ku saurara da kyau. Kusan rabin cinikin wannan sashe ba daga sayar da sabuwar mota yake fitowa ba. Yana fitowa ne daga gyara da sabis, da sayar da kayan gyara, da ba da haya, da sabunta tsofaffin motoci a sake sayarwa. Kamfanin yana da motoci fiye da miliyan 1.8 da suke aiki a faɗin duniya, kuma kowace ɗaya sai ta nemi bakanike. A shekarar da ribar ƙira ta tsuke, wannan ɓangare bai ja da baya ba. Mai masana'anta yana iya cewa bana ba zai sayi sabuwar mota ba, sai baɗi. Amma ba ya iya cewa ba zai gyara wadda ta tsaya masa a ƙofar sito ba, alhali tirela tana jira, direba yana duba agogo, leburori sun zauna a inuwa. Sayar da mota kamar sayar da saniya ne, sau ɗaya ake karɓar kuɗi. Mai kula da ita kuwa shi ke tatsa kullum.

Wannan magana tana taɓa ni, domin mu ma mun taɓa samun masana'antun haɗa manyan motoci a ƙasar nan. An kafa Steyr a Bauchi, da NTM a Kano tare da Fiat na Italiya, da ANAMMCO a Inugu, da Leyland a Ibadan. Iyayenmu da ke zaune a nan sun ga zamanin da ake tururuwar neman aiki a cikinsu. Daga 1986, da darajar naira ta faɗi, kayan haɗin da ake shigowa da su suka fi ƙarfin aljihu, motocin gwanjo suka cika kasuwa, aiki ya yi ta ja baya. A ganina, abin da ya fi ciwo shi ne hannayen da aka horar suka watse ba tare da an riƙe su ba. Gini ana sake shi cikin shekara biyu. Ƙwararren bakanike kuwa sai an daɗe ana reno.

Yau buƙata ta dawo. An buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu a Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023. Ga masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa, ga manyan sito na taki da siminti da shinkafa. Duk inda aka ajiye kwantena, sai an nemi abin da zai ɗaga kayan cikinta.

Sai dai kasuwar tana canzawa. Kusan tara cikin goma na motocin da ake oda a wurin KION yanzu masu lantarki ne. Wanda ya tsaya a kan injin dizal kaɗai zai ga aiki yana wuce shi. Ku koyi batir da caja da na'urar da ake jonawa ta faɗi inda cuta take. Kada ku raina ƙananan abubuwa: batirin da aka bari ruwansa ya ƙafe, tiyon haidrolik da ke ɗiga a hankali har ƙasa ta yi santsi, sarƙar da ta bushe ba giris. Ɗiga ɗaya da aka ƙyale tana iya sakin tan biyu na kaya a kan ɗan wani.

Kuma ku riƙa rubutu. Wannan roƙon akanta ne, kuma da gaske nake. Kowace mota tana da agogon da ke ƙirga awannin aikinta. Ku rubuta awa nawa ta yi ranar da kuka canza baƙin mai, me kuka sa, nawa kuka saya, ku ba da rasit. Manyan kamfanoni suna ƙulla yarjejeniyar sabis ta shekaru ne da wanda suka ga takardunsa a tsare. In kun sa na gwanjo, ku ce na gwanjo ne. Mai mota zai yafe tsada, amma ba zai manta da wanda ya cuce shi ba.

Masu masana'antu da ke cikin wannan taro, ina roƙonku ku ɗauki yaran nan, ku biya su a kan lokaci, ku ba su kayan aiki na kirki. Iyaye, Allah Ya saka da alheri, kun yi haƙuri da baƙin mai a jikin tufafi. Malamai, Allah Ya biya ku.

'Ya'yana, Allah Ya sa albarka a hannuwanku, Ya tsare ku daga haɗarin aiki, Ya ba ku halal mai yalwa. Shugaban taro, da izininka, a fara kiran sunaye.