Roka Mai Gaɓa Biyu: Daƙiƙun Da Aiki Ke Gyaruwa Ko Ya Ɓaci



Maganata a yau kan rokokin da masu sha'awa ke ƙerawa da kuɗin aljihunsu ne, ba na gwamnati ko na soja ba, musamman masu gaɓa biyu da ake harbawa can ƙololuwar sama. Zan fara da wani abin da ya kamata ya ɗaure wa ɗalibin kimiyya kai.

A shekarar 1903 Tsiolkovsky, wani malamin makaranta a Rasha, ya fitar da lissafin da har yau ake dogaro da shi. Gudun da roka za ta samu ya rataya ne kan abu biyu: saurin iskar gas da ke fita ta bayanta, da kuma yawan nauyinta tana cike idan aka gwada da nauyinta bayan makamashi ya ƙare. Mu ɗauka gas na fita da saurin kilomita 2 a daƙiƙa, wanda bai yi nisa da abin da daskararren makamashi ke bayarwa ba. In rabin nauyin roka makamashi ne, za ta samu kusan kilomita 1.4 a daƙiƙa. Don a ninka wannan gudu, sai makamashi ya kai kashi uku cikin huɗu. Ga kuma jan ƙasa da gogayyar iska suna zaftare nasu. Maganin shi ne a yar da bututun da ya riga ya ƙone, kamar mai shan rake da ke jefar da gaɓar da ya tsotse. An tabbatar da haka a Fabrairun 1949 a White Sands ta Amurka, inda aka ɗora ƙaramar roka WAC Corporal a kan babbar roka V-2, ta haura kusan kilomita 400.

To, ga abin mamakin. Duk da wannan lissafi, manyan nasarorin masu sha'awa da roka mai gaɓa ɗaya aka same su. A ranar 17 ga Mayu 2004, tawagar CSXT ta Ky Michaelson ta harba GoFast daga hamadar Black Rock a jihar Nevada, ta kai kimanin kilomita 116, ta zama rokar masu sha'awa ta farko da ta tsallake kilomita 100, iyakar da aka saba ɗauka a matsayin farkon sararin samaniya. Ɗaliban Jami'ar Kudancin Kalifoniya sun ketare wannan iyaka a 2019 da Traveler IV, sannan a Oktoban 2024 rokarsu Aftershock II ta kai kusan kilomita 143. Dukkansu gaɓa ɗaya ne. Me ya hana su raba roka biyu?

Amsar tana cikin 'yan daƙiƙun da ke tsakanin mutuwar wutar gaɓar ƙasa da kamawar ta sama. A nan nake so mu tsaya.

Ku ƙaddara rokar ta tashi, gaɓar ƙasa ta ƙone cikin daƙiƙu kaɗan, gudu ya riga ya wuce na sauti. Dole bututun biyu su rabu sumul, alhali haɗin da ke tsakaninsu an yi shi da ƙarfi don kada roka ta lanƙwashe a wurin. In ya yi sako-sako, ta karye. In ya matse, ta ƙi rabuwa. Bayan rabuwa, ba nan take ake kunna ta sama ba. Ana barinta ta yi ta hawa da ƙarfin da ta samu, domin kusan rabin iskar duniya tana ƙasa da kilomita 6, kuma makamashin da aka ƙona a iska marar kauri ya fi riba. Amma duk daƙiƙar da aka jira, gudu na raguwa, hanci na karkata. Roka da ta karkata sosai, in aka kunna ta, ba sama za ta nufa ba, za ta miƙe ne ta faɗi nesa da filin da aka keɓe, inda mutane ko dabbobi za su iya kasancewa. Shi ya sa ake sa wata 'yar kwamfuta a ciki mai auna karkata da tsayi da gudu, wadda za ta ƙi kunna wutar muddin karkatar ta wuce ƙa'ida. A ganina, babu wani sashe na rokar da ya fi wannan daraja, ko da yake shi ne yake iya hana mutum nasarar da ya yi shekaru yana nema.

Sai kunnawar kanta. A tsayin kilomita 10 matsin iska bai fi kusan rubu'in na bakin teku ba, kuma daskararren makamashi yana wuyar kamawa in matsi ya yi ƙasa. Abin kunnawar da ya yi aiki lafiya a ƙasa yakan yi tartsatsi ya mutu a can. Wasu sukan toshe bakin bututun da marfin da zai riƙe matsi har wuta ta kama ta fasa shi. In kuwa ba ta kama ba, roka ce cike da makamashi za ta sauko da laima, nauyinta ya wuce wanda aka yi wa lissafi. Ban ma taɓo zafin da ke cin fenti da gefen fikafikai ba, ko yadda na'urar GPS ta kasuwa ke daina ba da bayani in gudu ya yi yawa.

Duk da haka ana yi. A Oktoban 2022 wata roka mai gaɓa biyu mai suna MESOS ta kai kusan kilomita 90 daga Black Rock, da gudu ninki huɗu na sauti, aka kuma tsince ta bayan ta sauko.

Masu wannan aiki ba a ɓoye suke yi ba. Ƙungiyoyi irin su Tripoli da NAR suna ba da shaidar ƙwarewa mataki uku, mutum ba ya samun babban inji sai ya nuna ya iya da ƙarami, kuma hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, ce ke ba da izinin amfani da sararin a ranar harbi.

Ɗalibanmu, nan ne roƙona yake. Kada kowa ya fita daga ɗakin nan ya je yana haɗa sinadarai a ɗakin kwanansa. Yatsu da idanu ba su da madadi, kuma a halin tsaro da muke ciki hakan laifi ne babba. Ku fara da rokar ruwa da gorar roba, ku rubuta manhajar auna karkata, ku gwada rabuwa da buɗe laima a ƙasa har sai sun daina ba ku kunya. Hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, tana da cibiyar binciken roka a Epe ta jihar Legas. Shugabannin sassan kimiyya da injiniya, ku rubuta musu a hukumance, ku nema wa yaran nan hanyar koyo a ƙarƙashin kulawar masana.