Jawabi Ga 'Yan Arewa Mazauna Kudu: A Horas Da Likitan Da Zai Isa Duvu



Maganar da na zo da ita yau ta ciwon taɓin hankali ce, ciwon da kowane gida ya san shi amma kowa ke sakaya shi. Zan kafa misali da Duvu, wata gunduma a ƙaramar hukumar Mubi ta Kudu, jihar Adamawa, kusa da iyakar Kamaru.

Kun tuna a ƙarshen watan Oktoba na 2014 'yan Boko Haram suka kama Mubi, jama'a suka watse cikin duwatsu, wasu suka tsallaka Kamaru. An karɓe garin a watan Nuwamba, amma a 2017 da 2018 bama-bamai sun sake tashi a masallatan Mubi. An gyara gine-gine, kasuwar shanu ta dawo ci. To, wanda aka kashe ɗansa a gabansa fa? Da matar da ba ta iya barci in ta ji ƙarar babur? Da samarin da suka faɗa shan tiramadol? Daga Mubi zuwa Yola kusan kilomita 200 ne, asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya kuwa sai Maiduguri. Manomi ba ya barin gonarsa da damina ya yi wannan tafiya kowane wata. Sai ya kai mara lafiya wurin boka ko gidan mari, ko ya ɗaure shi a ɗaki. Ba mugunta ba ce, rashin madafa ne.

Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200. Yawancinsu suna manyan birane, wasu kuma sun tafi Ingila da Amurka. Horas da guda ɗaya ba ƙaramin aiki ba ne: shekara 6 a jami'a, shekara 1 ta sanin makamar aiki, shekara 1 ta bautar ƙasa, sa'an nan wajen shekara 5 ko 6 na ƙwarewa. Kuma duk wannan karatu a birni ake yin sa. Wanda ya yi shekara goma sha wani abu a Legas ko Ibadan, ya yi aure, 'ya'yansa suka shiga makaranta, wa zai ce masa ya kwashe kayansa zuwa gindin duwatsun Mandara?

Ku da ke zaune a ƙasar Yarabawa, amsar tana maƙwabtaka da ku. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta. Maimakon a kulle marasa lafiya, sai aka sauke su a gidajen ƙauyukan da ke kewaye, kowa tare da ɗan'uwansa mai jinya. Da rana su je asibiti, da yamma su koma cikin mutane. Bai kori masu maganin gargajiya ba, ya jawo su ya yi aiki da su. Duniya ta zo ta koya, shi kuma ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin kunya ne a ce dabarar da aka haifa a gida ba ta isa Adamawa ba bayan shekara 70.

Aikin wannan likita, 'yan'uwa, rabinsa magana ce. Mai fiɗa yana iya aikinsa ko bai ji yarenka ba. Amma tsohuwar da ke jin Guɗe ko Fulatanci kaɗai ba za ta buɗe cikinta ta bakin tafinta ba, balle in tafintan surukinta ne. Don haka a ɗauki 'ya'yan wurin, kuma a sa wani ɓangare na horonsu ya zama a asibitocin karkara, ba a ɗakunan kwanciya na birni kaɗai ba. Likita ɗaya a Mubi ba zai ga kowa ba, amma zai iya koya wa nas-nas da ma'aikatan ɗakunan shan magani yadda za su gane farfaɗiya da ciwon damuwa, su ba da magani, su turo masa abin da ya fi ƙarfinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da irin wannan shiri tun 2008, an kuma gwada shi a jihar Osun.

Doka ma ta sauya. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Saura kuɗi da ma'aikata, kuma wannan shi ne abin da za ku tambayi duk ɗan takarar da ya zo Sabo ko Agege neman ƙuri'arku, ko da na jam'iyyarmu ne.

Naku rabon kuwa, ƙungiyoyinku suna tara kuɗin gina masallaci da kai gawa gida. Ina roƙon kowace ƙungiya ta ɗauki nauyin ɗalibin likita ɗaya daga yankinta, a rubuta yarjejeniya a gaban iyayensa da hakiminsa cewa zai koma ya yi aiki a gida na wasu shekaru. Sakatarori su kawo sunaye a zama na gaba.